Cin Dim Sum a Guangzhou: Yadda Za Ka Ƙoshi da Halal Kuma Kuɗinka Su Yi Auki

Yawancinmu da kasuwanci ke kaiwa Guangzhou muna ƙare tafiyar ne tsakanin otal, kasuwa da gidajen abincin unguwar Xiaobei. Taliyar Lanzhou da rana, gasasshen naman rago na mutanen Xinjiang da daddare, in an gaji a nemi shinkafa da miya a wurin 'yan gida. Duk suna da daɗi, amma babu ɗaya cikinsu da yake abincin garin. Abincin da mutanen lardin Guangdong na Chaina, inda Guangzhou take, ke tinƙaho da shi shi ne dim sum: 'yan ƙananan cimaka kala-kala, yawanci turarawa ake yi a cikin ƙananan kwandunan gora, a kawo maka uku-uku ko huɗu-huɗu kana korawa da shayi. Zaman kansa ana ce masa yum cha, wato shan shayi, ko zao cha, shayin safe.

Ranar da na fara gwadawa ni kaɗai na shiga wani babban gidan abinci, na zauna ina zare ido kamar baƙon da ya sauka ba mai masauki. Na cinye gyaɗar da na tarar a kan tebur, na buɗe tishu, na nuna sunan shayi na ƙasan takarda don shi ne ya fi kyan rubutu. Da na nuna wa ma'aikaciyar rubutun da ke wayata cewa ba na cin alade, sai ta soke kusan duk abin da na zaɓa. Na fito da yunwata, lissafin kuma ya fi na abincin dare biyu. Babu wanda ya cuce ni, komai a rubuce yake, ni ne ban san dawan garin ba.

Mataki na 1: zaɓi gidan tun daga masauki

A nan ake cin riba ko a faɗi. Dim sum na gargajiya a kan alade aka gina shi, kuma ba a nama kaɗai ba. Siu mai, mai buɗaɗɗen kai da ɓawo rawaya, niƙaƙƙen alade ne da jatan lande. Char siu bao, wanda ya yi kama da alkubus mai ciko, gasasshen alade ne a cikinsa. Waɗannan biyun a fili suke. Masu yaudarar su ne waɗanda sunansu bai nuna komai ba. Har gow sunansa na jatan lande ne, amma masu dafa shi da yawa suna cuɗa kitsen alade a cikin cikon don ya yi laushi. Curin naman shanu da ake turarawa shi ma akan sa masa kitsen. Lo mai gai, shinkafa mai danƙo da kaza a naɗe cikin ganyen bado, sau da yawa da tsiran alade a tsakiya. Wainar radish, wata farar saiwa mai siffar karas, da ake kira lo bak go, haka take. Har kayan zaƙi ba su tsira ba, domin ɓawon dan tat, wato 'yar kofin ƙwai da madara, a gargajiyance da man alade ake murza shi. Ga giyar girki ta Shaoxing da ake zubawa a nama, ga kuma kwandunan da ake jerawa bisa juna a kan tururi ɗaya.

Don haka cewa “zan shiga ko'ina in zaɓi wanda ba alade” dabara ce mai tsada: za ka biya kuɗin zama cikakke, ka ci kwata na abin da gidan ya iya. Ka nemi gidan da aka rubuta 清真 a ƙofarsa, ana karanta shi qingzhen, shi ne halal a wurinsu. Ka ajiye hoton haruffan nan biyu a wayarka.

A Guangzhou akwai tsohon gidan abincin Musulmi, Huimin Fandian, a kan titin Zhongshan na shida, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ximenkou a layi na 1. Girkin Guangdong suke yi amma na halal, da naman shanu, rago, kaza da kifi. Daga nan tafiyar ƙafa ce zuwa masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiyar nan da ake kira Guangta, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan Chaina, wanda al'adar Musulmin garin ke dangantawa da Sa'adu bin Abi Waƙƙas. Kana iya karyawa ka gangara ka yi azahar, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

In tafiyarka ta haɗa da Hong Kong, akwai kantin abinci a hawa na 5 na Masallacin Ammar da ke titin Oi Kwan a unguwar Wan Chai, ginin da aka buɗe a 1981. Ya yi suna da dim sum na halal, siu mai ɗinsu na kaza ne ko na shanu, kuma wuri ne na talaka, ba ado ba ƙawa. Jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe a 2018 yana kai mutum daga tashar Guangzhou ta Kudu zuwa tashar West Kowloon ta Hong Kong cikin kamar awa guda. Sai dai bizar Chaina ba ta shigar da ɗan Najeriya Hong Kong, tata daban ce, kuma in ka fita sai bizarka ta yarda da shiga fiye da sau ɗaya kafin ka iya komawa. Kada dim sum ya sa ka bar kayanka a kwantena kai kana wani gari.

Hanya ta uku ita ce gidajen masu cin ganye zalla, da ake gane su da harafin 素, musamman na kusa da wuraren ibadar Buddha. Babu nama ko kaɗan, da laimar kwaɗi da waken soya suke kwaikwayon komai. Ni ba su cika burge ni ba, amma in ka rasa na halal sun fi shiga gidan da kake zargi.

Tsofaffin gidajen da kowa zai ce ka je, irin su Tao Tao Ju da aka kafa a 1880, da Lianxiang Lou na 1889, da Guangzhou Restaurant na 1935, abin kallo ne, amma ba na halal ba ne. Haka Tim Ho Wan na Hong Kong, wanda aka buɗe a 2009 ya kuma shahara da samun tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, a farashin talaka: abin da ake yi masa layi a kai burodin alade ne. In abokin ciniki ɗan Chaina ya gayyace ka irin waɗannan, ka gaya masa tun a waya. Sun saba, kuma da yawa za su sauya wuri ba tare da ɓacin rai ba.

Mataki na 2: tara mutum huɗu

Dim sum ba abincin mutum ɗaya ba ne. Kwando ɗaya yana zuwa da guda uku ko huɗu na abu iri ɗaya, ba a raba rabi. Kai kaɗai kwando uku za su cika maka ciki, ka tashi ka ɗanɗana abu uku kacal. Ku huɗu kuwa kowa ya ɗauki ɗaya daga kowane kwando, kwando goma, ɗanɗano goma. In kun kai shida sai a riƙa ninka wasu, a nan kuma lissafi ke fara zamewa. Huɗu ne daidai.

Mataki na 3: lokaci

Da sassafe tsofaffi ne ke cika wurin, da jaridarsu, kowa ya yi odar abin da suke kira yat jung leung gin, shayi ɗaya da abinci biyu, ya zauna awa biyu. In ka ga gida cike da tsofaffin unguwa ranar Talata da safe, ka shiga da ƙarfin gwiwa. Mutanen nan sun san farashin kowane kwando a garin, ba sa zama inda ake yanka.

Gidaje da yawa suna rage farashi ga wanda ya zo da wuri ya biya kafin cunkoson rana, wasu kuma suna da ragin shayin yamma, daga misalin ƙarfe 2. Abin lura shi ne ragin yakan rataya ne a kan lokacin da ka biya, ba lokacin da ka zauna ba. Ka duba allon bakin ƙofa ko ka tambaya, in lokacin ya matso ka je ka biya sannan ka dawo ka ci gaba da shan shayinka. Asabar, Lahadi da ranakun hutu ba ragi, ga layi, ga wasu gidajen da ke ƙara kuɗi. Lokacin baje kolin Canton Fair, Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, garin ya fi cika, sai ka sammaka.

In wuri ya cika za a iya zaunar da ku tebur ɗaya da wasu baƙi. Ba raini ba ne, al'ada ce. Ɗakin keɓe kuma akan ɗora masa mafi ƙarancin abin da dole a kashe, don haka in aka yi maka tayinsa ka ce zauren ya ishe ka.

Mataki na 4: shayi, da abin da ka tarar a tebur

Tambayar farko da za a yi muku ita ce wane shayi. Ana cajin kuɗin shayi ne a kan kowane kai, cha wei, ko ka sha ko ba ka sha ba. Ka ɗauke shi kuɗin kujera. Akwai shayin gida masu araha: pu'er, baƙi mai ƙamshin ƙasa wanda ke wanke maiƙo, tieguanyin, shayin jasmin, da na furen chrysanthemum. Akwai kuma jerin na musamman da ke ninka kuɗin sau da yawa. Ka zaɓi na gida. Bakin da ya saba da shayin mai shayi, madara da sukari har cokali ya tsaya, ba zai bambance ganyen shekara goma da na bara ba a zaman farko. Ni pu'er nake sha, ko a haɗa shi da chrysanthemum. Ba a sa sukari, ba a sa madara, kuma kada ka tambaya.

Ruwan zafi kyauta ne, ko sau nawa. In butar ta ƙare ka ɗaga murfin ka jingina shi a gefe, mai kula da tebur zai gani ya cika. Ba kira, ba ɗaga hannu.

Za a ajiye muku wani babban kwano ko roba ba komai a ciki. Na wanke kaya ne. Ka zuba ruwan zafi ko shayin farko a ƙaramin kwanonka, ka juya kofinka a ciki, ka ɗauraye cokali da bakin tsinkayen cin abinci, ka juye ruwan a babban kwanon. Na taɓa ganin wani ɗan'uwanmu ya wanke hannu a ciki har gwiwar yatsu kamar zai ci tuwo, tsohuwar da ke gefe ta yi dariya har da hawaye, sannan ta matso ta nuna masa yadda ake yi.

Gyaɗa ko ɗan tsamin ganye da aka ajiye kafin ku yi oda, da fakitin tishu, a wurare da yawa na kuɗi ne. In ba ku so ku ce a ɗauke tun ba ku taɓa ba. Ka riƙa yawo da tishunka a aljihu, haka 'yan garin ke yi.

Wajen zuba shayi ka fara da na wasu, naka a ƙarshe. In wani ya zuba maka ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu a hankali, godiyar ke nan. Suna ba da labarin cewa wani sarki, Qianlong, ya ɓad da kama ya zuba wa fadawansa shayi, su kuma ba damar faɗuwa gaisuwa a bainar jama'a, sai suka durƙusar da yatsu.

Mataki na 5: karanta katin farashi

Wannan shi ne asirin lissafin duka. A gidajen gargajiya ba kowane abinci ke da farashinsa ba, aji-aji aka kasa su. 小 ƙarami, 中 matsakaici, 大 babba, sai 特 na musamman da 顶 na ƙoli, wasu gidajen har da 超 a sama da su. Sunan ajin ba ya nufin yawan abincin. Kwandon 大 bai fi na 小 faɗi ba, kayan da aka yi shi da su ne suka fi tsada. Kusa da sunan kowane abinci za ka ga harafin ajinsa, a wani gefen takardar kuma an rubuta kuɗin kowane aji.

Yadda ake oda iri uku ne. A tsofaffin gidaje mata ke tura amalanke tsakanin tebura, ka ɗaga murfi ka gani ka nuna, a buga hatimi a katinka. Wannan yana raguwa. Abin da ya fi yawa yanzu takarda ce da fensir, ka rubuta adadi a gaban abin da kake so, ko ka ɗauki hoton lambar QR da ke manne a tebur da manhajar WeChat ka yi oda a waya. Manhajar fassara da kyamara tana taimakawa, ko da yake takan kira ƙafar kaza “faratan tsuntsun almara”, domin sunan da suka ba ta ke nan, fung zaau.

Bari mu ɗauki misali da alƙaluman da na ƙaga don a ga yadda abin ke tafiya. A ce shayi yuan 6 ne kowane kai, ƙarami 12, matsakaici 18, babba 25, na musamman 38. Ku huɗu kun ɗauki ƙanana 3, matsakaita 4, manya 3, da tishu na yuan 3. Shayi 24, abinci 183, jimla 210, kowa bai kai 53 ba, kuma ya ɗanɗana abu goma. Mutum ɗaya da ya ɗauki kwando ɗaya daga kowane aji ukun farko zai biya 64, har da shayi da tishu, a kan abu uku. Yanzu ku huɗun nan ku ƙara na musamman 2, gidan kuma ya ɗora kashi 10 cikin 100 na hidima: lissafi ya haura 314, kusan 79 kowane mutum. Kwando biyu kacal da kuɗin hidima sun ƙara kusan rabin lissafin farko.

Mataki na 6: oda zango-zango

Kuskuren mai yunwa shi ne ya cika takarda gaba ɗaya. Sai komai ya sauka lokaci guda, tururi ya tafi, ɓawon har gow ya yi tauri kamar roba, rabi ya ƙare a leda. Ka yi zango uku.

Zangon farko na gwaji ne, kwando uku ko huɗu daga abin da ke nuna hannun mai girki. Har gow ne ma'auni. Ɓawonsa ya zama shara-shara har kana hango jan jatan landen, ya ɗagu daga kwando ba tare da ya yage ba, cikon kuma ya yi ƙaras a haƙori, ba ya dame ba. Wannan ne wurin da ya cancanci ka biya kuɗin babban aji, domin aiki ne da ba za ka iya a gida ba. Mu mabiya mazhabar Malikiyya kayan ruwa ba su da wata matsala a wurinmu, in dai gidan na halal ne. Ka haɗa da siu mai na kaza ko na shanu, da cheung fun, wato shimfiɗaɗɗen ƙullun shinkafa da aka turara aka naɗe da nama a ciki, a kwarara masa ruwan soya mai ɗan zaƙi. In waɗannan suka zo da zafi da kyau, ku ci gaba. In sun zo a sanyaye ko ɓawon ya jiƙe ya kumbura alamar sun daɗe a kan wuta, ku taƙaita, ku ƙarasa cikinku da abu mai araha ku tashi.

Zango na biyu na cika ciki ne, kuma a nan ƙananan aji ke aiki. Lo mai gai ɗaya yana riƙe ciki kamar malmalar tuwo. Burodin da aka turara, kunun shinkafa mai gishiri da suke kira juk wanda kwano ɗaya ke isar mutum biyu, wainar radish da aka soya gefe-gefe. Ƙafar kaza kuma kada ka raina ta. Ana soya ta, a jiƙa, a turara da baƙin wake har fatar ta saki ƙashi. Wanda ke son ganda zai so ta, kuma ba ta da tsada. Ka sa faranti ɗaya na ganye, choy sum ko gai lan, ko da yake yakan fi yadda kake zato kuɗi.

Abin da nake gujewa shi ne duk wanda aka yi don hoto: wanda aka yi wa siffar dabba, wanda aka ɗora wa ɗan gwal, wanda aka yi wa baƙin ɓawo, ko aka ɗiga masa abalon, wani naman ruwa mai tsada, a ka. Siu mai ne dai a ƙasa, kuɗin hular kake biya. Haka manyan farantan soyayyar shinkafa da taliya: suna da auki, amma za ka same su ko'ina a rabin kuɗin, kuma su ne ke toshe wurin da ya kamata dim sum ya shiga. Lemon kwalba ma asara ce alhali ka riga ka biya shayin da ba ya ƙarewa.

Zango na uku, in da sauran wuri, zaƙi ne. Jin deui, ƙwallon garin shinkafa mai danƙo da aka mulmula cikin riɗi aka soya, zai tuna maka da gida. Ma lai go soso ne mai launin zuma, ɗan'uwan alkubus amma da sukari. Akwai burodin da cikinsa narkakken gwaiduwar ƙwai ne mai gishiri da zaƙi. Ka ɓare shi a kan faranti ka jira kaɗan, kada ka gatsa kai tsaye, in ba haka ba harshe da gaban riga duk za su shaida.

Tsinkaye in sun gagare ka, ka nemi cokali mai yatsu ba kunya. Abu ɗaya dai: kada ka kafa su a tsaye cikin shinkafa, yana kama da turaren da suke kunna wa matattu.

Mataki na 7: lissafi

Ka ce maidan, kowa zai gane, ko ka ɗauki katin ka kai wurin mai karɓar kuɗi. Kafin ka biya ka duba abu huɗu a rasit: adadin kawunan da aka caji shayi, ko akwai kwandon da aka rubuta bai zo ba, ko an sa gyaɗa da tishun da kuka mayar, da ko ragin lokacin ya shiga. Ka bar kwandunan da kuka cinye a jere a gefe in ba a kwashe ba, ko ka ɗauki hoton takardar odar kafin ka miƙa ta, shi ne shaidarka. Kuskure yakan faru a cunkoso, kuma in ka nuna a natse ana gyarawa nan take.

A Hong Kong kashi 10 na hidima abu ne da aka saba gani a manyan gidaje. A Guangzhou ba ko'ina ba, an fi samunsa a otal-otal, kuma ba a ba da tukuici. Biya da WeChat Pay ko Alipay ya fi sauƙi, amma ka riƙe 'yan takardun yuan don ranar da waya ta ƙi. Abin da ya rage ka ce dabao a ƙulle maka, wani wurin da ɗan kuɗin roba. Lo mai gai da burodi suna jure ɗumame a otal, har gow da cheung fun kuwa in sun huce sun mutu, gara a cinye su a wurin.

In ɗan Chaina ne ya gayyace ka, zai yi kokawar biya da gaske, har da riƙe maka hannu. Ka yi yunƙuri sau ɗaya ko biyu, ka bar shi ya biya, sai ka ce na gaba naka ne, ka kuma cika alkawarin kafin ka bar garin.